Ma'aunin ja a cikin ViewPager2: ya zan hana shafi sauyawa ba tare da na toshe gungurawa ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gina manhajar Android. Ga tsarin: ViewPager2 na kwance (mai sauya shafi idan an ja yatsa gefe), kowane shafi da NestedScrollView (mai gungurawa sama da ƙasa), a cikinsa kuma akwai ma'aunin ja (slider) da na rubuta da yaren Kotlin, ana jansa hagu da dama.

Idan ban sa komai ba, yatsa na fara tafiya gefe sai ViewPager2 ya ƙwace taɓawar, ma'aunin ya samu ACTION_CANCEL (saƙon soke taɓawa), shafi ya juya. Na kira requestDisallowInterceptTouchEvent (umarnin hana ƙwace taɓawa) da true tun a ACTION_DOWN (lokacin da yatsa ya sauka), ja ya daidaita, amma umarnin yana hawa kan duk iyayen ma'aunin, wato NestedScrollView da ViewPager2, don haka wanda ya ɗora yatsa a ma'aunin ba zai iya gungurawa ƙasa ba.

Sai na jinkirta kiran zuwa ACTION_MOVE (lokacin da yatsa ke tafiya), bayan motsin gefe ya wuce scaledTouchSlop (iyakar da ake ɗaukar motsi a matsayin ja), wato tazarar 8dp. Da ja a hankali lafiya lau. Da fizga kuwa, motsi ɗaya kan tsallake iyakar, kuma uba (ViewPager2) ne ke ganinsa kafin ɗa (ma'aunin). Na gwada kullewa a farko in saki idan motsin tsaye ya fi yawa, amma jan karkace yana juya shafin.

ViewPager2 final ne, ba a gadonsa, balle a sauya onInterceptTouchEvent ɗinsa, inda yake ƙwace taɓawa. Shin kashe isUserInputEnabled (makunnin juya shafi da yatsa) a ACTION_DOWN, a kunna a ACTION_UP (ɗage yatsa) da ACTION_CANCEL, ba zai bar shafi a maƙale ba? Ko akwai hanyar sakin NestedScrollView shi kaɗai? Allah ya saka da alheri.