Wa zai karanta min tamburan jikin tsohuwar Lee-Enfield?

Mai Tara Tsofaffi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tsohuwar bindigar sojan Birtaniya ce ta shigo hannuna, da takardunta, irin wadda ake jan sakata a ɗura harsashi, mai cin guda 10. Asalinta nake so in sani. A zoben ƙarfen da ke bayan kunama, ta hannun dama, akwai kambi, ƙarƙashinsa G.R., sai B.S.A. Co., sai 1917, sai Sht L.E., sai III da ɗan tauraro. A bututu kuwa akwai kambi da BNP, da .303 2.222", da 18.5 TONS. Na ga kibau biyu sun haɗa kai, ga kuma ENGLAND shi kaɗai a gefe. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata D.P. da ta kusa shafewa a katakon gindi, sannan lambar sakata ba ta zo ɗaya da ta jikin bindigar ba. Masana, a taimaka.

Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi kyan kai da ka kwafo su yadda suke. Kada dai ka karanta su a numfashi ɗaya, domin ba hannu ɗaya ya buga su ba, ba kuma a zamani ɗaya ba.

Na zoben nan su ne na ranar ƙira. G.R. sunan Sarki George ne a taƙaice, kuma tunda an sa 1917, na Biyar ne, wanda ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936. B.S.A. kamfani ne a Birmingham da ya yi wa gwamnati kwangila. Sht L.E. kuwa sunan bindigar ne a taƙaice, Short Lee-Enfield, wato gajeriyar Lee-Enfield. Ɗan tauraron nan shi na fi so a duk jikinta. Samfurin III ya fito a 1907 da kayan ƙawa: saitin harbin nesa a gefen hagu, da wani ɗan faifan ƙarfe mai tare harsasan da ke cikin ma'ajiyar bindigar don soja ya riƙa sa ɗaya ɗaya. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi, masana'antu suka kasa wadatar da sojoji, sai aka cire waɗannan don aiki ya yi sauri, aka ƙara tauraro. Taka 'yar tsakiyar yaƙi ce.

Kibiya ɗaya na nufin kayan gwamnati. In biyu suka haɗa kai, soja sun sallame ta ke nan, an sayar. BNP kuwa ba na soja ba ne sam, tambarin gidan gwajin bindiga ne. Dokar Birtaniya ta hana a sayar wa farar hula bindigar da ba a gwada ba, don haka aka kai ta gidan gwaji na Birmingham, wanda ke aiki tun 1813, aka harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da kima. 2.222 tsawon kwanso ne a inci, 18.5 kuma matsin da aka amince ta ɗauka. Irin wannan rubutu daga tsakiyar shekarun 1950 ya fara.

Malama Mai Adana Kayan Tarihi:
Baba ya gama magana, sai dai in ɗora. ENGLAND ɗin alama ce ta fita waje, galibi zuwa Amurka, inda doka ta ce a rubuta ƙasar da kaya suka fito. Daga 1968 sunan ɗan kasuwar da ya shigo da ita ake bugawa, ka ga taka ta ƙetare kafin nan.

Amma Malam, D.P. ɗin nan kada ka ɗauke ta da wasa. Ana buga ta a kan bindigar da aka yanke cewa ta fareti ce kawai, ba ta harbi ba, sau da yawa don an ga lahani a ƙarfenta. Mai yiwuwa katakon wata ne aka ɗaura wa taka, hakan na faruwa sosai a kayan gwanjo. Ɗaga katakon da ya rufe saman bututu kusa da gidan harsashi ka duba ƙarfen. Ka haska tocila ta gefe, ka goga alli a kan rubutun. Don Allah ban da kankara da burushin waya. Na ga tambura da yawa da masu son sheƙi suka kashe, kuma ba sa dawowa.

Mai Tara Tsofaffi:
Allah ya saka da alheri, Baba da Malama. Na ɗaga katakon. Akwai '17 a gindin bututu da wasu ƙananan kambuna masu lamba a ƙasa, babu D.P. ko ɗaya a ƙarfe. Ke nan lafiyarta ƙalau?

Tsohon Maƙeri:
A'a ɗana, kada ka yi saurin yanke hukunci. '17 ya nuna bututunta na asali ne, ƙananan kambunan kuma na masu duba aiki ne a masana'anta. Saura maganar sakata. Kowace ana daidaita ta ne da bindigarta, shi ya sa ake maimaita lambar a bayan hannunta. In ta wata ce, tazarar da ke tsakanin kanta da gindin harsashi na iya yin yawa, kwanso ya tsage iska mai zafi ta dawo wa fuska. Ido ba ya ganin wannan, sai maƙerin bindiga mai lasisi ya sa ma'auni. Kafin nan a bar ta a rataye. Ka kuma duba gefen hagu na zoben ko akwai F.T.R. da wata shekara, domin in an taɓa mayar da ita masana'anta aka yi mata babban gyara, a can ake yawan rubutawa.