In Bature ya tambaye ka labarin Boko Haram

'Yan Arewa mazauna Ingila da muka zanta da su damuwarsu ɗaya: da ka ce daga Najeriya kake, sai a jefo maka Chibok.

Dattawan cikinsu suka ce kada ka musanta. An sace 'yan mata 276 a 2014, iyayensu 'yan uwanmu ne. Amma ka ƙara masa da abin da bai sani ba: a Nuwamban shekarar, masallata fiye da 100 aka kashe a babban masallacin Kano ranar Juma'a. Wannan shawarar ta fi kwanta mini, domin can da yawa sun ɗauka duk Musulmin Arewa ɗan ta'adda ne.

Matasa kuwa suka ce a daina yaɗa bidiyon gawarwaki a WhatsApp ba tantancewa.