Shafin sakamakon bincike yana buɗewa fayau

Salamu alaikum. Kwana 3 ke nan ina fama da akwatin bincike na shafin shagon yayana da ke Kasuwar Barci. WordPress ne (manhajar gina shafin intanet), na haɗa shi da Programmable Search Engine na Google, wato injin binciken da ake sakawa a cikin shafi. Sakamakon yana rufe allon waya baki ɗaya, shi ya sa na koma tsarin shafi biyu, wato akwatin a shafi ɗaya, sakamakon a wani.

Yanzu in na rubuta "atamfa", shafin sai ya buɗe fayau, ko layi ɗaya babu. Na sake manna kod ɗin injin, na gwada da wata wayar, shiru kake ji. Sai daren jiya na lura adireshin yana ƙarewa da ?s=atamfa, alhali ?q=atamfa injin yake jira, wato q a wurin s.

Don Allah, ta yaya zan sa ya karanta s ɗin?