Da me ake auna ci gaban kwaleji, yawan ɗalibai kaɗai?

Malamin Lissafi, Daura:
Assalamu alaikum. Kwamitin tsare-tsare na wata kwaleji a yankinmu ya sa burin ƙara ɗalibai da kashi 20 cikin 100 a shekara uku. Wannan ya isa ma'auni? Kuma wa ake ƙirgawa, wanda aka ba gurbi ko wanda ya yi rajista?

Baban Khalifa, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Adadi uku ne, kuma ba sa zuwa ɗaya: waɗanda kwaleji ta ba gurbi, waɗanda suka karɓi gurbin a manhajar CAPS da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinta, da waɗanda suka biya kuɗi suka cike fom ɗin kwasa-kwasai. Na ukun ne ɗalibanku. Wasu suna karɓar gurbi, amma lokacin rajista sai a neme su a rasa.

Sannan ku bi kowane rukuni daga shigarsa har fitarsa. A ce 100 suka shiga ND I (shekarar farko ta difloma), 70 suka dawo ND II (ta biyu), 55 suka gama cikin shekara biyu ba tare da kwas ya riƙe su ba. Wannan 55 ɗin ita za a kai gaban shugaban kwaleji. Ga NCE shekara uku za a bi. Ku raba lissafin sashe-sashe, maza daban mata daban, don jimilla tana ɓoye sashen da ke zubar da ɗalibai.

Kada kuma a ɗauki kowa ba ta CAPS ba don a cike adadi. Tun 2017 ta nan ake bi, kuma wanda sunansa ba ya cikin jerin JAMB zai sha wuya idan ya gama HND (babbar difloma) ya zo neman bautar ƙasa.

Injiniya, Kofar Kaura:
Kafin a ce kashi 20, a duba gurbin da hukuma ta amince wa kowane kwas. NBTE ce ke tantance kwasa-kwasan kimiyya da fasaha, NCCE kuma na kwalejojin ilimi, kuma abin da suke ƙirgawa a bayyane yake: malamai da matakinsu, ɗakin gwaji, kayan aiki, littattafan laburare. Bencin aiki na mutum huɗu in aka jera masa goma, biyu ne za su taɓa awo, sauran kallo. Ranar tantancewa nan ake kamawa. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na iya gina aji da ɗakin gwaji, amma ba ta biyan albashi, don haka a fara da malamai.

Hajiya Mai Rajista:
Ranka ya daɗe, a duba kalandar biyan kuɗi ma. Yaran da ke zuwa daga Baure, Zango da Sandamu yawanci 'ya'yan manoma ne. Idan aka rufe rajista a tsakiyar damina, kuɗin gida yana wajen taki. A raba biya kashi biyu, na biyun ya faɗo bayan kaka. Mata kuwa, aure da haihuwa ne ke tsayar da su, kuma da yawa ba su san ana iya jingine zango a rubuce a dawo ba, sai kawai su daina zuwa a rubuta sun faɗi. A sa wannan bayani cikin takardar da ake ba su ranar rantsarwa.

Malamin Lissafi, Daura:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, wanda ya jingine zango ana cire shi daga rukuninsa?

Hajiya Mai Rajista:
A'a, Malam. Ya zauna a rukunin da ya shiga da shi, a buɗe masa layi daban, a rubuta zangon da zai dawo.