Karyata na watsa ƙasa in ta gama kashi, maƙwabciya ta ce ba alheri ba ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ni mazaunin wani ƙauye ne a yankin Ringim. Bara waccan ɓarayi suka kwance mana awaki, har da wadda maiɗakina ta saya da kuɗin adashi, kuma har yau in muka saɓa sai ta tayar da zancen, wai ni na hana a ɗaure su a tsakar gida. Shi ya sa na karɓo kwikwiya wurin wani Bafulatani da ke sauka a gonata bayan girbi. Ban saye ta ba, dami ɗaya na gero na ba shi don ihsani. Tun da ta girma ko kaza ba a ƙara ɗauka ba.

To yanzu ta tsiri wani hali. In ta gama kashi ko fitsari a bayan danga sai ta sandare ƙafafu, ta yi ta shurin ƙasa ta baya, ƙura na tashi, kuma kashin na nan a fili ba ta rufe shi ba. Ran nan ƙasar ta faɗa cikin shanyar kuɓewar maƙwabciyarmu. Tsohuwar ta ce karen da ke tono a bakin gida kabari yake nunawa, ga shi mijinta na kwance. Ƙanena kuma ya ce farkon hauka ne. Na rasa barci. Me zan yi?

Sarkin dawa: Ɗan'uwa, tsutsar ciki ce, ba wata tantama. Tun ina yaro nake bin farauta. Ka jiƙa sassaƙen maɗaci ka ɗura mata. Kuma wannan shurin na maza ne, mace ba ta yi sai in da abin da ke cizon ta.

Maman 'yan biyu: Ni tsohuwar nake tausaya wa. Ka san wahalar yanka kuɓewa a shanya ta? Namu maƙwabcin karnukansa uku, kullum sai na sake wanke tukunya, an kai ƙara wurin mai unguwa ya ce a yi haƙuri. Kullum mu ne masu haƙurin.

Malamin dabbobi: Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta ba ciwo ba ne, kuma ba binne kashi take yi ba, mage ce ke binnewa. Kare so yake a san ya zo wurin. A tafin daginsa akwai inda gumi ke fita, in ya karce ƙasa sai warinsa ya zauna a wurin, ƙasar da ya watsa ta ƙara baza shi. Layukan da farce ya bari kuma na ido ne, ko kare na nesa ya gani. Kyarkeci ma haka yake yi a daji. Wani masani a Amurka, Marc Bekoff, ya bi karnukan da ke yawo sake a jihar Kolorado, ya wallafa a 1979 cewa sun fi yin shurin in akwai wasu karnuka a kusa suna kallo. Ba kowane kare ke yi ba, amma masu yi akwai maza akwai mata. Tambayata: an yi mata allurar rigakafin hauka? Sannan akwai baƙin karnuka da suka fara zagayo wa unguwarku?

Mai tambaya: Makiyaya sun sauka a fadama da karnukansu, gaskiya tun lokacin abin ya ƙaru. Allura kam ban yi ba. Asibitin dabbobi da nisa, kuma wane mai babur ne zai yarda ya ɗauki kare? Lafiyarta ƙalau, tana cin tuwo har da ƙanzo.

Sarkin dawa: Ka ji 'yan boko. Bature a Amurka ne zai koya mana halin kare? Na riƙe karnuka sun fi a ƙirga, wanda ke wannan shurin in ka duba kashinsa za ka ga tsutsa. Maɗaci kawai.

Malamin dabbobi: Baba, da girmanka, yawancin karnukan ƙauye in ka duba za ka samu tsutsa, masu shurin da marasa yi. Mai ƙaiƙayin dubura zama yake yi ya ja gindi a ƙasa, ba shuri ba. In kuma tana lasar ƙafa ɗaya ko tana ɗingishi, a duba tsakanin yatsu, ƙila ƙaya ce ko kaska. Hauka alamunsa daban: dalalar miyau, sauyin murya, cizon duk abin da ya gifta, kasa haɗiya, daga baya ƙafafun baya su mutu. Amma Malam, rashin allurar nan shi ne abin da ya kamata ya hana ka barci, ba shurin ba, tunda tana cuɗanya da baƙin karnuka. Daga kare ya kai wata 3 da haihuwa ake fara yi masa allurar, a maimaita duk shekara, kuma a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ana haɗa maganin. In ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 a tafi asibiti nan take, kar a jira a ga alama.

Ɗan Gaya: Ni dai abin da na sani, an yarda a ajiye kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta. Maganar kabari kuwa camfi ne, rai da ajali na Allah. Amma haƙƙin maƙwabci fa? Ka biya kuɓewar.

Mai tambaya: Kuɓewar ba ta kai kwano ɗaya ba, kuma a kan hanya ta shanya. Da akuya ce ta ci, wa za ta kama?

Maman 'yan biyu: Kun ji ko? Haka masu karnuka suke duk inda suke.

Wani daga Taura: Ɗaure ta da rana, ka sake ta da dare. Da asuba ka ja ta can bayan gari ta yi abinta ta yi shurinta, ba mai gani.

Mai tambaya: Na taɓa ɗaure ta, kuka ta yi ta yi har tsohuwar ta ce wannan ma alama ce. Kuma da asuba ina masallaci, daga nan sai gona.

Sarkin dawa: In ta gagare ka, kawo ta. Karya mai ƙarfin ƙafar baya haka za ta yi gudu, zomo ba zai tsere mata ba.

Malamin dabbobi: Baba, ɗazu ka ce mara lafiya ce.

Sarkin dawa: Bayan ta sha maɗacin nake nufi.

Mai tambaya: Ba zan bayar da ita ba, awakin wa zai tsare? Yanzu ɗan tsohuwar ya aiko wai mu haɗu wurin mai unguwa bayan la'asar. Malamin dabbobi, in na kira ka a waya za ka yi musu wannan bayanin na warin ƙafa? Ni in na faɗa dariya za su yi mini.