Me maciji ke yi a allon kantin magani?

Ɗan Jarwal: Salamu alaikum. Jiya na raka Hajiyata saidaliyya sayen maganin hawan jini, sai ta ce wai me ya kai maciji bakin kwano a allonsu? Na rasa amsa.

Malamin Misfala: Wa'alaikumus salam. Kwanon Haijiya ne, allahiyar lafiya ta tsofaffin Girkawa, 'yar Asklefiyos, allahnsu na magani. Haka ake sassaƙa ta: mace da doguwar riga, maciji ya naɗe hannunta, tana shayar da shi a kwano. Saɓar da yake yi suka ɗauka alamar warkewa.

'Yar Jidda: Mai zane Klimt na Ostiriya ma ya zana ta da ja da ruwan zinariya. Gobara ta cinye zanen a 1945.

Ɗan Jarwal: Haijiya kuma, Malam? Ai Hajiya cewa za ta yi da ita nake!