Gwajin troponin ya ce lafiya da daddare, da safe aka ce bugun zuciya ne

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san aikin ɗakin gwaji ya fitar da ni daga duhu. Ranar Talata bayan isha'i Baba ya dafe ƙirji, ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti, gumi na karyo masa alhali fanka na kaɗawa. Shekararsa 63, yana da hawan jini da suga. Ko minti 40 ba a yi ba muka kai shi wani asibitin kuɗi kusa da gida. Suka ɗebi jini, suka ɗiga a kan wata 'yar farar roba irin ta gwajin maleriya, suka ce ta troponin ce. Layi ɗaya ya fito. Aka ce olsa ce, aka ba mu maganin ruwa muka koma gida. Baba bai runtsa ba. Da asuba muka garzaya babban asibiti, suka yi ECG (gwajin da ke zana yadda zuciya ke harbawa a kan takarda), suka sake troponin a inji, likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Yanzu yana kwance, da sauƙi alhamdulillahi. Abin da ke cin raina, na farkon nan jabu ne, ko kuwa aikin ne ba su iya ba?

Anti ta Lab:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanina, shekarata 11 ina wannan aikin, kuma ban ga jabu a labarinka ba, lokaci na gani. Troponin sinadari ne da ke zaune a cikin naman zuciya, ba ya fitowa jini sai naman ya ji rauni. A jikin 'yar robar an shafa wasu sinadaran garkuwa da aka shirya don su kama shi shi kaɗai, idan sun kama da yawa layi na biyu ya bayyana. To amma ba nan take yake malalowa ba. Ga irin wannan gwaji sai an yi awa 3 zuwa 6 da fara ciwon kafin ya taru yadda za a gan shi, ya kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, ya kuma daɗe a jini sati ɗaya har zuwa biyu. Ku kuwa a minti 40 kuka je. Robar gaskiya ta faɗa, a lokacin babu abin da za ta kama.

Inda aka yi kuskure shi ne sallamarku. Dattijo mai suga da hawan jini, ga nauyin ƙirji ga gumi, ECG ake fara yi masa cikin minti 10, a ajiye shi, a maimaita jinin bayan 'yan awoyi. Idan ECG ya nuna toshewa ƙarara ma ba a jiran sakamakon jini. Wallahi wannan “olsa ce” tana ba ni tsoro, don masu suga sau da yawa ciwon zuciyarsu a ƙwannafi yake ɓuya.

Mai Kemis a Sabon Gari:
Anti ta gama magana, sai dai kada mu wanke robar tas. Yawancinsu an rubuta a kwali a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. Kano a watan Afrilu tana haura 40, kuma na sha ganin kwali a kan kanta kusa da taga, rana na dukansa. Wasu kuma su bar ta ta wuce minti 15 ɗin da aka ƙayyade sannan su duba. Ko da komai ya yi daidai, ita e ko a'a kawai take cewa. Injin babban asibiti lamba yake bayarwa, kuma sabon samfuri mai kaifi yana hango ɗan mitsitsin da roba ba za ta taɓa gani ba, shi ya sa a can ake iya maimaitawa bayan awa 1 zuwa 3 a ga ko lambar na hawa.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Anti, a takardar na ga an rubuta CK-MB da NT-proBNP, su kuma fa? Kuɗin ya yi mana nauyi, ƙanena har yana cewa ko cuwa-cuwa ce.

Anti ta Lab:
Ba cuwa-cuwa ba ce, kowanne da aikinsa. CK-MB shi ma sinadari ne da ke fitowa jini idan naman zuciya ya ji rauni, amma yana sauka cikin kwana 2 zuwa 3, saboda haka idan ya sake tashi alhali troponin bai gama sauka ba, likita zai yi zargin sabon bugu. NT-proBNP kuma yana hawa ne idan zuciya ta gaza turo jini yadda ya kamata, irin mai haki da kumburin ƙafa. A nan Arewa muna yawan yi wa masu jego da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa. Ka tambaya ko sun duba ƙodarsa, don ciwon ƙoda ma yana ɗaga waɗannan lambobi. Kuma ka lura da ma'aunin da aka rubuta gefen lambar, 14 a ng/L shi ne 0.014 a ng/mL, kada ka gwada takardun asibiti biyu ka firgita Hajiya a banza.

Ɗan Gwale:
To Anti. Sun ɗebi na ƙoda ɗazu da la'asar, gobe da safe za mu karɓa. Zan ajiye takardun duka a jaka ɗaya in nuna wa likita lokacin zagaye. A ci gaba da sa Baba a addu'a.